Aron doki ba wasa ba ne

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ɗan ƙanen babana ya zo tun daga unguwar Zengou ta Zinder ya ce Yaya ka ara mini Akawali in yi hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, na ba shi har da buhun dusa da harawa da kanwarsa, kwana 5 ya dawo mini da doki da miki a gadon baya inda sirdi ya ci shi, baki duk linzami ya yayyanka. Wai "ai dabba ce Yaya". Dabba ba ta jin ciwo? Inna ta ce in bar maganar saboda zumunci. Na bari, amma kullum da asuba ni ke wanke mikin nan da ruwan gishiri, yana ta karkarwa.