Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Kaset Ɗin Da Aka Bar Mini

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sayo mana bidiyo. To, a damunar 1989 ne, ina aji uku na sakandare, Yaya ya karɓo hayar wani kaset saboda ya ga sunan Dharmendra a jiki. Mu a Kano Sarkin Ƙarfi muke ce masa, ni kuwa har hotonsa nake ɓoyewa a cikin littafin lissafi.

Falo ya cika maƙil. Rabin awa ta wuce, ko naushi ɗaya ba a yi ba. Yaya ya ja tsaki.

"Wannan fim ɗin mata ne," ya ce, suka fice da abokansa.

Sunan fim ɗin Guddi, na 1971, wanda Hrishikesh Mukherjee ya ba da umarni. Jaya Bhaduri ce ta fito a 'yar makaranta da son Dharmendra ya rufe wa ido, har ta ƙi saurayin da ke gabanta. Sai aka kai ta Bombay, wurin da ake ɗaukar fim, shi kuma Dharmendra ya fito da sunansa na gaskiya, yana nuna mata bayan fage.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Na ga talakan da ke shan wuya a madadin jarumi, ba wanda ya san sunansa. Na ga masu riƙe fitilu suna zufa. Pran, mugun da muke tsine wa kullum, ashe mutum ne mai fara'a da kirki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda jarumin ya yarda ya ƙasƙantar da kansa don yarinyar ta farka. Ban sake ganin tauraron da ya yi haka ba, kuma har yau takaici nake idan ana lissafa finafinan Indiya a garin nan ba a ambaci wannan ba.

Umma na gefe tana tsince shinkafa, ban san tana kallo ba.

"Ke ma kin ji ko?" ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na ji, Umma."

Ashe ta daɗe da sanin zancen hoton. Da daddare na ciro shi, amma na kasa yagawa, sai na miƙa wa ƙanwata.

Washegari da Yaya zai mayar da kaset, na ba shi kuɗin tarata ya ƙara mini kwana ɗaya. Abin da na tarar a shagon hayar nan ranar da na kai da kaina, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.