Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da na ɗaure hannun Baba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni ɗakin maza, wata bakwai kacal da karɓar lasisina na aikin jinya. Abin da zan faɗa yau na daɗe ina kewaye shi. Sau biyu ina fara rubutawa ina gogewa. Amma in na tsallake shi sauran tarihin ba zai fahimtu ba, domin daga wannan dare ne aikina ya karkata ga tsofaffi.

Watan Afrilu ne na 2009. Duk wanda ya san ƙasar Kabi ya san Afrilu. Zafi ya haura 40 da rana, da dare kuma bango ya riƙa amayar da abin da ya sha. Ba wuta, fanka a tsaye, katifar roba tana manne wa bayan mara lafiya. Ni kaɗai ce nas a aikin dare, da fitilar hannu, da gadaje ashirin da ɗoriya.

A gadon ƙarshe kusa da taga akwai wani tsoho Basarke, wato masunci, daga wani ƙauye na bakin gulbi ta wajen Augie. Tari da ciwon haƙarƙari suka kawo shi, likita ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu. An rubuta shekara 65 a katinsa. Da rana mutum ne mai natsuwa, tasbaha a hannu, duk wanda ya gifta sai ya gaishe shi. Ni kuwa tun ranar farko "ɗiyata" yake ce mini.

Bayan isha'i sai ya canza. Ya fara zuro ƙafafu ƙasa, yana laluben takalmi. Ya fizge allurar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanen gado.

"Ku bar ni in tai," yake cewa. "Jirgina na bakin gulbi, ban ɗaure shi ba. Ruwa za shi tai da shi."

Ɗansa da ke jinyarsa, magidanci mai furfura shi ma, ya riƙe shi yana rawar jiki. Ya dube ni ya ce, "Malama, wallahi bai taɓa yin haka ba. Halan mutanen ruwa na sunka biyo shi." Mai jinyar gadon kusa ya ce a'a, ruɗin tsufa ne kawai, nasu ma haka ya yi. Ni ma a raina abin da na ɗauka ke nan. Ɗan ya riga ya ba ni amsa a cikin maganarsa, bai taɓa yin haka ba, amma kunnena bai kama ba.

Na mayar da allurar. Jijiyar tsoho ba kamar ta yaro ba ce, tana gudu ƙarƙashin fata, tana fashewa da an taɓa ta. Da ƙyar na samu. Ba a yi awa ɗaya ba ya sake cirewa. Na aika a nemo likita ya rubuta allurar barci, ba a same shi ba. Can tsakiyar ɗaki kuma wani yana aman jini, 'yan uwansa suna kira na. Sai na ɗauko bandeji, na ɗaure hannayen Baba biyu a ƙarfen gado.

Ya daina fizga na ɗan lokaci, ya kafa mini ido a hasken fitila.

"Ɗiyata, mi niy yi miki?"

Ban amsa ba. Na juya na tafi wajen mai aman jini. Har asuba ina jin nishinsa da ƙarar ƙarfen gado.

Matiron ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa 'yar Zuru da ta kusa ritaya, tana da al'adar shigowa tun kafin bakwai. Ta tsaya a kansa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa almakashi ta yanke bandejin, ta ce, "Yaushe rabonsa da fitsari?"

Ban sani ba. Ban tambaya ba, ban rubuta ba. Ɗansa ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce tun jiya da hantsi sai dai ɗigo-ɗigo yana jiƙa wando.

Ta ɗora hannu ƙasan cibiyarsa, tsohon ya zabura. Sai ta kamo hannuna ta ɗora a wurin. Abu na ji a tashe, da tauri, kamar an cusa gora a cikin mararsa. Mafitsara ce ta cika ta kasa fitarwa. Ta sa aka kira wani abokin aikinmu namiji, aka ja labule, aka sa masa robar fitsari. Abin da ya fito ya fi lita ɗaya. Ina tsaye na ga goshinsa yana sakewa, yatsunsa suna buɗewa. Kafin a gama gyara shimfiɗa ya yi barci, bai farka ba sai azahar.

Ashe duk daren nan da yake neman sauka, abin da jikinsa ke nema shi ne ya zagaya. Bakinsa ne ya kasa faɗa, ƙwaƙwalwa ta ɗauko masa jirgi da gulbi.

Matiron ta ce wa ɗan ya kawo duk maganin da Baba ke sha a gida. Ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado, ta zazzage a kan tire. Akwai maganin mura da tari na kemis, akwai haɗin ciwon jiki ƙulli-ƙulli da ba suna, akwai dikilofinak, akwai kwalbar jiƙo. Ta ɗaga na murar ta ce mini, "Kin ga wannan? Namiji in ya tsufa, furostet ɗinsa da ke ƙarƙashin mafitsara yakan kumbura ya matse hanya. Irin wannan magani sai ya ƙarasa rufe ta." Ta ɗaga dikilofinak ta ce shi kuma yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda, yana tayar da hawan jini, ga ƙodar tsoho da ma ta rage ƙarfi. Allurar barcin da na nema kuwa, ta ce da an yi da ruɗewar ta ƙaru, wataƙila ya faɗo ya karya ƙugu.

A bakin ƙofa ta tsayar da ni, ta faɗa mini abin da har yau nake faɗa wa ɗalibai. Tsohon da ya gaishe ki jiya da hankalinsa, yau ya rikice, ba tsufa ba ne, ciwo ne, ki tashi ki nemo shi. Cutar mantuwa a hankali take shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru. Rikicewar da ta zo dare ɗaya kuwa, likitoci na ce mata diliriyam, tana da dalili, kuma sau da yawa tana warkewa in an gano dalilin. Ki duba fitsari, ki duba rabonsa da bayan gida, ki duba harshensa ko ya bushe, ki duba ledar magani. Kada ki jira zazzaɓi, tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Kada kuma ki jira ya ce ƙishirwa, jin ƙishirwa na dusashewa da shekaru, ke za ki miƙa masa kofi.

Da na dawo aiki da dare na tarar da shi zaune, an jingina shi da filo, yana shan kunu. Na durƙusa na gaishe shi. Sai na ga wuyan hannayensa. Fatar tsoho siririya ce kamar takardar da ta sha rana, bandejina ya saluɓe ta, ya bar shaida ja a zagaye. Na ɗauko auduga ina wankewa, hawaye na zuba a kan safar hannuna. Na ce, "Baba, ni ce na ɗaure ka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce, "Ban tuna ba, ɗiyata. Amma na yahe. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Daren nan ne muka yi hira. Na tambaye shi shekarunsa, ya yi dariya ya ce wa ya ƙirga. Amma ya ce yana tuna ranar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi masa su a gulbi, yana yaro, babansa ya ɗora shi a wuya don ya hango. Wannan zuwa a 1934 aka yi shi, shi ne mafarin bikin kamun kifin da duniya ta sani yanzu. Na yi lissafi a bayan kati, Baba ya haura tamanin. Mai yankan kati ya dube shi ne kawai ya rubuta 65. Ba ƙaramin abu ba ne, don awon maganin ɗan tamanin ba ɗaya yake da na ɗan sittin ba. Tun daga ranar, in tsoho ya ce bai san shekarunsa ba, sai in tambaye shi wane sarki ya tarar, yana ina aka samu 'yancin kai a 1960, ya yi aure ko bai yi ba lokacin yaƙin basasa.

Kwana tara aka sallame shi, da robar fitsari a jikinsa, da ƙafarsa ya taka zuwa mota. Na yi murna. Ban san cewa rabin aikin ne muka yi ba.

Bayan sati biyar aka dawo da shi a kwance cikin a-kori-kura. Warin ne ya fara isowa. Da muka juya shi, ga gyambon kwanciya a gindin bayansa, faɗin tafin hannuna, da wani a dunduniya. Robar fitsarin tun wadda muka sa ce, ta toshe, fitsarin ya yi kauri.

Kada wanda ya zargi iyalansa. Ƙauna ce ta sa suka kwantar da shi a tabarma suka ce kada ya motsa, komai a yi masa. Tsoho kuwa in ya yi sati a kwance ƙafafunsa sun fara mantuwa da tafiya. Sun je asibitin sha-ka-tafi na kusa da su, ma'aikacin wurin ya ce bai san me aka yi masa a babban asibiti ba, ba takarda, ba bayani, yana tsoron taɓa robar. Mu ne muka sallame shi da ledar magani da "Allah ya ƙara sauƙi", ba wanda ya zauna da su minti goma. Laifin namu ne, har da ni.

A wannan karon na zauna. Matar ɗansa ce ke dafa masa abinci, amma suruka ba ta iya buɗe jikin surukinta, wannan kowa ya sani. Sai na nemi jikansa, wani saurayi ɗan sakandare da suke wasan jika da kaka, shi na koya wa. Juyi duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu. Ba su da agogon bango, sai muka ɗaura abin a kan salla: kowace salla a juya shi, tsakanin salla da salla a ƙara, da dare duk wanda ya farka ya juya shi. Filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta tashi daga shimfiɗa. Na kama yatsan yaron na danna a kan wani jan tabo a kwatangwalon kakansa, na ce, "Ka gani? In ka danna ka ɗaga bai yi fari ba, gyambo ya fara, ko fata ba ta fashe ba. Kada ka murza wurin, ka ɗauke masa nauyi kawai." Na ce wa surukar kunu zalla ba ya rufe gyambo, a ba shi kifi, da wake, da ƙwai, da nono, ga su a gidan masunta. Ranar sallama kuma na yagi takarda na rubuta wa ma'aikacin sha-ka-tafi abin da aka yi, da ranar da za a canza roba, da magungunan da aka hana, na sa lambar wayata a ƙasa.

Abin yana ci mini rai har yanzu. Mai ciki tana da ranar awo, yaro yana da katin rigakafi da ke bin sa duk inda ya je. Tsoho fa? Yana yawo tsakanin kemis da sha-ka-tafi da babban asibiti da ɗakinsa, kowa na ganin gefe ɗaya, ba mai riƙe da labarinsa gaba ɗaya. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta musamman a asibitin koyarwa na Ibadan, sai a farkon 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa. Na yi farin ciki da su, amma daga Ibadan zuwa bakin gulbin Augie tafiya ce mai nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan sittin ko fiye. A wajenmu dai mai ɗaukar wannan nauyi ita ce nas ɗin da ke aikin dare ita kaɗai, da jika, da suruka.

Gyambon Baba ya ɗauki wata huɗu kafin ya rufe. Ma'aikacin nan ya riƙa kira na duk ranar canjin roba. Baba ya sake takawa da sanda har bakin gulbi, ko da yake bai ƙara shiga jirgi ba. Da kaka ta yi, jikan ya zo har asibiti da ƙunshin busasshen kifi a takardar siminti, ya ce, "Tsoho yac ce a kawo ma ɗiyatai." Ya rayu shekara biyu bayan haka, ya rasu a ɗakinsa, ɗansa na riƙe da kansa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ban cinye kifin nan ba aka kira ni daga gida, ana kiran sallar magariba. Ƙanena ne, muryarsa na rawa. Ya ce Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, hannunta na dama ba ya motsi, kuma Kawu ya hana a kai ta asibiti, ya ce a fara kiran mai magani.

A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.