Garuruwa shida a kwana shida: kuskuren da na tafka a kudancin Turai

Ƙannena da ke karatu a Turai, musamman ku da kuka shigo bana kuna ta lissafin inda za ku leƙa idan an ba da hutu, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ma a shekarata ta farko a Budapest haka nake, ina karɓar katin zama aka ce min da shi da fasfo zan iya yawo a ƙasashen Schengen ba sai na nemi wata biza ba, kwana 90 cikin kowane kwana 180, shi ke nan kwaɗayin yawo ya kama ni. Na ga tikitin jirgi zuwa Milan kuɗinsa bai kai na cefanen sati ba, a daren na zauna na jera Milan, Rum, Basalona, Granada, Kurɗuba da Sevilla, duk a kwana shida, kuma a watan Yuli.

Alhali abu ɗaya ne tak ya dame ni tun ina yaro, Andalus. Tun muna zaure malam yana ambaton Imam Kurɗubi nake son in ga garin da ake jingina shi gare shi, in kuma ga Alhambra, fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, da idona. Sauran garuruwan na cusa su ne kawai don tikitinsu na da araha kuma don in ce na je.

Tun a filin jirgi araha ta fara nuna min halinta. Tikitin nan mai arha ƙaramar jaka ɗaya kawai ya ƙunsa, wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka, ni kuma na ɗauko akwati mai taya ban karanta komai ba, a bakin ƙofar shiga jirgi aka sa shi a ma'auni bai shiga ba, na biya kuɗin da ya ninka na tikitin kansa. Muna sauka kuma sai na gane ashe ba Milan ba ne, Bergamo ne, sai ka ƙara biyan kuɗin bas ka yi kusan awa ɗaya kafin ka shiga gari. Don Allah kafin ku danna biya ku duba sunan filin jirgin da nisansa da gari, ku tara kuɗin jaka da na bas a kan na tikiti, sannan ku ga ko har yanzu arahar tana nan.

Italiya dai wucewa kawai na yi. Na kalli babban cocin Milan daga waje, na hau bas ɗin dare zuwa Rum wai don in huta da biyan kuɗin masauki, awa takwas da wani abu ban runtsa ba, na iso da asuba jiki duk ya yi tsami, na tsaya gaban Kolosiyom na ɗauki hoto amma wallahi barci kawai nake ji. Abin da na ƙaru da shi a Rum shi ne famfunan kan titi da ke zubar da ruwan sha mai sanyi kyauta dare da rana, ku riƙe gora kada ku yi ta sayen ruwa. Kuma in kun zauna cin abinci ku sani a wurare da yawa a Italiya akwai kuɗin zama da suke kira coperto, ana ɗora shi a kan kowane mutum. Basalona kwana ɗaya na yi, rabinsa a hanyar filin jirgi.

A Granada ne abin ya yi min ciwo har yau. Na hau tudun Alhambra da sassafe da zumuɗina, ina tsammanin kamar gidan tarihi ne ka biya a ƙofa ka shiga, sai aka ce min tikitin fadojin sarakunan Banu Nasr ya ƙare, ba na ranar kaɗai ba har na kwanakin gaba. Ashe adadin masu shiga ƙayyadadde ne, ana saye ta intanet tun makonni kafin ranar, da sunanka da lambar fasfonka, kuma da lokacin shiga a rubuce, in ka makara ya wuce ka. Na samu na lambun Generalife da ganuwar Alcazaba kawai. Suna da kyau ba ƙarya, amma farfajiyar nan mai zakuna 12 da bangayen da aka sassaƙa "wa la galiba illallah" a jikinsu ba adadi, fadar daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus wadda ta faɗi a 1492, ina tsaye taku kaɗan da ita ban shiga ba. Na ratso ƙasashe uku saboda ita, kuma jadawalin da na ɗaure kaina da shi bai bar min ko kwana ɗaya na jira ba.

Da yamma na hau unguwar Albaicín zuciyata ba daɗi, a can saman kusa da dandalin San Nicolás na samu masallacin Granada da aka buɗe a 2003, na yi salla, na zauna a lambunsa ina kallon Alhambra a tsallaken kwari rana na faɗuwa bangonta ya yi ja. Wannan zaman na awa biyu da ba na gudun komai shi ne kaɗai abin da nake tunawa da natsuwa a duk tafiyar. Ku lura kuma da rani magariba a can tana kaiwa tara da rabi na dare, ku duba lokutan sallar kowane gari tun kafin ku tashi.

Kurɗuba da na fi ƙauna awa uku na ba ta, kun ji fa. Na iso da tsakar rana, zafin garin da na Sevilla a Yuli yana haura digiri 40, kada wanda ya ce ai shi ɗan Sakkwato ne, tafiyar ƙasa da jaka a baya daban ce, ga ƙananan shaguna da yawa sun rufe sai yamma. Babban masallacin nan da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, mai ginshiƙai sama da 850 da bakuna ja da fari, tun 1236 coci ne, saboda haka ku shirya zuciyarku, ba a barin kowa ya yi salla a ciki. Na shiga a gurguje ina duba agogo, na tsaya gaban mihrabin minti biyar na fita don kada jirgin ƙasa ya bar ni. Daga baya na ji cewa daga takwas da rabi zuwa tara da rabi na safe, ban da Lahadi, shiga kyauta ne kuma ba cunkoso, da na kwana a garin da na samu wannan. Mutum-mutumin Ibn Rushd yana nan kusa da ganuwar gari, ban ma je ba.

Maganar abinci kuma ku yi hattara sosai, naman alade yana shiga kusan komai a Sifaniya, ku haddace kalmomin cerdo, jamón, chorizo da manteca, a Italiya kuma maiale, pancetta, guanciale da strutto, shi wannan na ƙarshen kitse ne da ake sawa har a wasu burodi. Kifi da shagunan 'yan Maroko da 'yan Pakistan su suka riƙe ni.

Da zan sake, kuma ina da niyya in sha Allahu, tikitin Alhambra zan fara saye kafin na jirgi, in gina sauran tafiyar a kan ranarsa. Zan zaɓi Afrilu ko Oktoba, in sauka a Malaga ko Sevilla da jakar goyo ɗaya, kwana biyu a Granada, biyu a Kurɗuba, biyu a Sevilla, tunda tsakanin Kurɗuba da Sevilla ma minti 45 ne a jirgin ƙasa mai sauri. Hasumiyar Giralda ta Sevilla da ta kasance hasumiyar kiran salla a zamanin Muwahhidun, wadda na hango ta tagar bas ina hanyar filin jirgi, wannan karon sai na hau har samanta.