Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fim ɗin marayun da ya riƙa cinye mana kaset

Makon jiya mun tsaya a kan yadda ake haɗa gidan kallo a Tudun Wada ta Kaduna a ƙarshen shekarun 1990: ɗaki mai ƙofa biyu, bencina, talabijin mai inci 21, bidiyo, amfilifaya da lasifika, sai janareta a bayan gida. Yau maganar fim guda za mu yi, wani tsohon fim na marayu huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka ƙi yarda dangi su rarraba su bayan rasuwar iyayensu. Ba zan kama sunansa ba, don ba sharhin aikin waɗanda suka shirya shi na zo yi ba. Masu kallo ne a gabana, da abin da kallonsu ya yi wa kayan aikinmu.

Duk wanda ya riƙe gidan kallo a zamanin kaset ya san cewa kaset ba ya mutuwa gaba ɗaya. Wuri guda yake fara lalacewa, kuma wurin nan shi ne inda jama'a suka fi so. Dalilin yana cikin bidiyon. Zaren kaset faɗinsa rabin inci ne, mai lamba E-180 yana ɗaukar awa uku. Idan aka kunna, bidiyo yana jawo zaren ya naɗe shi a jikin wani diram da ke juyawa sau 25 a daƙiƙa, kuma a jikin diram ɗin ne hed yake, wanda ke gogar zaren yana karanto hoto. Kallo ɗaya guga ɗaya ce. Amma idan aka tariyo baya hoto yana fitowa, ko aka dakatar da hoto a tsaye, hed ɗin yana ci gaba da gugar wuri guda. Da farko sai ka ga fararen layuka suna gilmawa, daga baya hoto ya fara rawa, ƙarshe wurin ya koma yayyafi.

A fim ɗin faɗa, wurin dambe na ƙarshe ne ke mutuwa. A na Indiya, waƙa. A wannan na marayu, mutum zai zaci wurin rasuwar iyayen ne zai fara ci, amma har kaset ya tsufa wurin nan garau yake. Bahaushe ya saba da mutuwa. Idan aka nuno gawa, abin da za ka ji a ɗakin bai wuce salati da "Allah ya jiƙan musulmi" ba, sai a yi shiru. Inda zare ke cinyewa shi ne taron dangi bayan sadakar bakwai, manya a kan tabarma suna rabon yara. Baffa ya ɗauki babban namijin, don zai yi masa tsaron shago. Gwaggo ta zaɓi yarinyar da ta isa wanke-wanke da talla. Autan kuwa, da har yanzu yake fitsarin kwance, kowa ya sunkuyar da kai. Sai babbar yarinyar ta durƙusa ta roƙi a bar mata ƙannenta a ɗakin ubansu. A nan ne ɗaki ke rikicewa: "Maigida, a tariyo!" "Don Allah dawo mana da wurin nan!"

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Kaduna ta lokacin. Masaƙun Kakuri, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 zuwa Arewa da UNTL, sun tara ma'aikata daga Zariya, Katsina, Sakkwato, Bauci da kudancin jihar, galibinsu a ɗakin haya. Ma'aikaci ya rasu, ɗaki ya koma hannun mai gida, dangi su zo daga garinsu, yara su shiga motoci dabam-dabam a tashar Kawo ko ta Mando. Da wuya ka samu benci guda da babu wanda aka riƙa a kai, ko wanda ke da ɗan riƙo a gidansa. Kuma riƙo ba mugun abu ba ne a kan kansa, ya raini mutanen kirki da yawa. Masu kallon sun san haka sarai, shi ya sa wurin yake taɓa su ta fuska biyu: wani yana tuna ranar da aka raba shi da ƙanwarsa, na kusa da shi yana tuna cewa shi ma ya taɓa zama a kan irin tabarmar nan yana zaɓe.

Maza ba sa kuka a fili, amma akwai alamu. Tari ya yi yawa, wani ya ɗora laifi a kan hayaƙin janareta, wani ya tashi wai zai kama ruwa. Saboda haka a fim irin wannan ƙofar baya a buɗe take zama, kuma ba a kunna fitila sai rubutun ƙarshe ya gama wucewa. Wanda ya yi gaggawar kunna fitila ya kunyata dattijo a gaban yaransa, gobe ba zai gan shi ba. Mai gyaɗa da mai rake ma ana tsayar da su a waje har wurin ya wuce.

Sauti shi ne rabin aikin. Maganar yarinyar ƙasa-ƙasa take, kuma a yawancin bidiyon da muke amfani da su sauti yana kan wani siririn layi ne a gefen zaren na sama, wanda da ya ɗan lanƙwashe sai murya ta dusashe. A rage ƙarar ganga a amfilifaya, a ɗaga ta murya. A matsar da fanka daga kusa da lasifika. Ita kanta lasifikar a nisanta ta da talabijin aƙalla kamu biyu, domin maganaɗisun da ke bayanta yana ɓata launi, fuskar mutum ta koma kore ko shuɗiya a kusurwa guda.

Sai wuta. Babu abin da ke tayar da rigima kamar NEPA ta ɗauke ana tsakiyar rabon yaran nan. Ban da fushin jama'a, zare yana nan naɗe a jikin diram, kuma wanda ya yi ƙoƙarin zaro kaset da ƙarfi a wannan hali ya yaga shi. Dabarar ita ce, ranar da wuta ke rawa, a fara fim a kan janareta tun daga farko. Lissafin ba shi da wuya: talabijin irin wannan ba ya wuce wat 100, bidiyo wajen 25, fanka wajen 70, amfilifaya ƙarama da ƙwai ɗaya, duka ƙaramin janareta mai wat 650 zai ɗauka. Irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ana zuba mililita 20 na man a kowace lita. Ya yi kaɗan inji ya ƙone, ya yi yawa fulogi ya toshe ga hayaƙi. A fara tayar da janareta ya daidaita, sannan a kunna talabijin, bidiyo a ƙarshe.

Don kada kaset ya mutu da wuri, ainihin wanda aka sayo ba ya shiga gaban jama'a. Ana karya ɗan harshen roba da ke bayansa don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, a jingine shi a tsaye cikin kwalinsa, a kwafi na aiki daga gare shi. Kwafin da wayar hoto da sauti ake yi, mai kai rawaya da fari, ban da wayar eriya, kuma a kan SP, wato saurin zare na yau da kullum. LP, mai jan zare a hankali, yana ninka lokaci amma hoto ya yi laushi. Kwafi daga kwafi kuwa, zuwa hawa na uku fuskoki sun narke. Dokar tariyo ita ce sau ɗaya, bayan fim ya ƙare, kuma sai an tsayar da bidiyon tukuna a mayar da zare ba tare da hoto ba. Ana goge hed da sifirit a jikin farar takarda mai santsi: a ɗora ta a hankali, a juya diram da yatsa. Ba a gogawa sama da ƙasa, ba a sa auduga, don tana maƙalewa ta karya hed. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kullum a lulluɓe bidiyo. Da damina kuwa laima ce, zare ya manne a diram, sai an bar bidiyo a kunne ya ɗumama kafin a sa kaset. Idan bidiyo ya fara taunar gefen zare, robar da ke matse shi ce ta bushe, canza ta ake yi. Zaren da ya tsinke ana datse bakinsa biyu a haɗa da siririn salatif ta baya, gefen da ba ya taɓa hed, amma gyaran wucin gadi ne, don gam ɗin yana tsattsafowa ya toshe hed.

Mata ba sa zuwa gidan kallo, haya ake kai musu gida kwana ɗaya. Wannan fim ba ya dawowa a kan lokaci. Yaro ne zai zo: "Wai in ji Inna, a yi haƙuri a bar mata zuwa gobe, maƙwabta ba su gani ba." Abin lura shi ne kaset ɗin haya a wani wuri dabam yake cinyewa. Na mata yana mutuwa ne a inda mai neman auren babbar yarinyar ya gindaya mata sharaɗin ba za ta tare da ƙannenta ba, ita kuma ta mayar masa da kayansa. Su suka san yadda agola da ƙanin amarya ke cin tuwo a gidan miji. Sauran lalacewar ta gida ce: yatsan yaro mai manja a kan zare, ko a bar kaset a taga rana ta lanƙwasa shi.

Bayan an tashi, gardama ta koma teburin mai shayi, kuma a nan ne za ka gane masu kallon nan sun fi masu shirya fim ɗin sanin fiƙihu. A fim an nuna baffa yana neman kasonsa a gidan mamacin. Ɗaliban zaure suka ce sam. Muddin mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan'uwansa ba su da ko sisi. Yara huɗu, maza biyu mata biyu, idan babu mata ko iyayen mamacin a raye, gida kashi shida za a yi shi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Da a ce duka mata ne, sai su ɗauki biyu bisa uku, saura ya tafi ga irin su baffa. Shi ya sa za ka ji dattijo tun farkon fim yana tambaya ko akwai namiji a cikinsu. Haka batun raino: a mazhabar Malikiyya bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sannan inna, wato 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba, alhali a fim ɗin ba a ko tuntuɓi dangin uwa ba. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i, mai gargaɗin masu cin dukiyar marayu, kusan kullum sai wani ya jawo ta.

Inda ba a taɓa daidaitawa ba shi ne ko yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta iya riƙe gida. Manya su ce ƙarya ce, ko dangi sun yi shiru mai unguwa da liman ba za su bari ba, kuma kuɗin haya da na makaranta ba daga sama suke faɗowa ba. Samari su ce ai ga ta nan ta yi, da ƙosai da wankau. Ni a ganina manyan sun fi gaskiya ta fuskar lissafi, sai dai su ɗin ne kuma suka fi kowa neman a tariyo.

Rikicin Shari'a da aka yi a Kaduna a watan Fabrairun 2000 ya canza komai. Dokar hana fita ta tsayar da kallon dare, kuma da aka dawo, fim ɗin ya daina zama labarin wasu. Babu mai cewa a tariyo, wasu ma kafin a kai wurin tabarmar sun fice. Gidajen kallo da dama suka cire shi daga allon dare, suka bar shi ga masu haya. Rufe KTL a 2002 ya ƙara rage masu zaman benci.

Da faifan sidi ya shigo, fim ɗin ya rabu gida biyu, don faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Shi ba ya cinyewa don yawan kallo, ƙarzuwa ce ke kashe shi, kuma ana goge shi ne daga tsakiya zuwa baki, ban da zagaye. Wanda har yanzu yake da tsohon kaset a akwati yana son a juye masa a waya, ya fara leƙa tagar kaset ɗin. Idan ya ga fari-fari kamar gari a kan zaren, fumfuna ce, kada ya sa shi a bidiyo sai an buɗe an goge, in ba haka ba hed zai toshe nan take. Idan zaren fes yake, a tura shi har ƙarshe a dawo da shi farko ba tare da hoto ba don ya saki jiki, a daidaita tirakin, wato saitin da ke kawar da layuka daga hoto, da hannu a kan wurin da ya fi lalacewa, sannan a juye a zama ɗaya ba tsayawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar zuwan dish da ƙwallon Turai, da yadda suka kori fim daga allon gidajen kallo.