Philo na Titin Harry

Duk Bahaushen da ya sauka Dublin, babban birnin Ailan, da jitar bes (jita mai kaurin murya) rataye a baya, in dai yana da ɗan tsayi, ba zai yi mako guda ba sai wani dattijo ya ɗaga masa hannu daga ƙofar mashaya ya ce "Philo!" Karon farko za ka waiga ka ga wa ake kira. Na biyu ka yi murmushi. Kafin na ashirin abin ya fara cin rai, don kana da sunan da aka yanka maka rago, amma ba mai tambaya.

Philo ɗin nan shi ne Phil Lynott, mawaƙi kuma makaɗin bes na ƙungiyar kiɗa ta Thin Lizzy. Mutum-mutuminsa na tagulla yana tsaye a titin Harry, gefen titin Grafton, tun 2005, ya jingina da bes ɗinsa. An haife shi ranar 20 ga Agusta 1949 a West Bromwich ta Ingila. Uwarsa Philomena 'yar Ailan ce, ubansa baƙar fata ne daga ƙasar da yau ake kira Guyana. Yana ƙarami aka kai shi riƙo wurin kakarsa Sarah a unguwar Crumlin, uwar ta ci gaba da neman kuɗi a Manchester. A lokacin sai ka zaga unguwar kaf ba ka ga baƙin yaro na biyu ba.

Da waƙa ya fara, har ya shiga ƙungiyar Skid Row, kuma Brush Shiels na ƙungiyar ne ya koya masa bes. A ƙarshen 1969 suka kafa Thin Lizzy da abokinsa na makaranta Brian Downey mai ganga da Eric Bell mai jita. Waƙar "The Boys Are Back in Town" ta 1976 ce ta sa suka yi suna a Amurka. Ƙungiyar ta watse a 1983, heroin ta ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 4 ga Janairu 1986 a asibiti a Salisbury yana da shekara 36. Kabarinsa na Sutton a Dublin, bakin teku.

Masu kiran naka Philo ba su san nauyin abin da suke ɗora maka ba. Haɗa bes da waƙa ya fi haɗa jita da waƙa wuya nesa ba kusa ba. Tsirkiyar bes huɗu ce, E, A, D, G, kuma aikinta ta bi ƙafar mai ganga sau da ƙafa. Murya kuwa tana son ta ja baya kaɗan ko ta yi gaba. Lynott yakan jinkirta kalma kamar mai hira, hannunsa na bugu da ɗan filastik a kan bes ɗinsa ƙirar Fender Precision baƙa mai madubi a fuska, bai taɓa bin bakin ba. Mai koyo da ya haɗa su rana ɗaya, hannun ne ke bin baki, kiɗan ya karye. Hanyar ita ce ka sa na'urar ƙirga bugu a kan 60 a minti, ka maimaita layin bes har ka iya amsa sallama kana bugawa. Sannan ka riƙa faɗin baitin da baki kawai, kana lura da gaɓar da ta faɗa kan bugu da wadda ta faɗa tsakani. Rerawa ce ta ƙarshe. Mai gurmi ko kuntigi ya san wannan tun yana yaro, shi dai ba ya kiransa darasi.

Sai yanayin garin. Danshi a waje, hita a ɗaki: wuyan jitar yakan lanƙwashe, tsirkiyoyi su tashi sama, yatsu su gaji. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ana murɗa ta kwata ɗin zagaye, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Mai gaggawa shi ke karya ta. Kada a jingina jita da hita. Kiɗa a titin Grafton kuma sai da takardar izini daga hukumar birni, akwai iyakar ƙara da ta lokaci.

Ranar da kiɗa ya zauna, Turawa suka tsaya cikin yayyafi suna tafi, ji za ka yi garin naka ne. Sai ka koma ɗaki a kira daga gida. Baba ya san kana aikin sito da rana, na daren kuwa "wani ɗan aiki ne". Wa zai ce masa ɗansa ya zama makaɗi a ƙofar gidan giya? A nan an yi wa makaɗi mutum-mutumi, can kuwa neman aure ma sai an yi shawara.

Kuma da yawanmu mu ne Philomena a labarin, ba Philo ba. Yara na can wurin Hajiya, ita ke kai su Islamiyya, ita ta san wanda ya yi famfara da wanda takalminsa ya matse. Kuɗin makaranta na tafiya ƙarshen wata. A waya ƙaramar takan ɓuya bayan zanen kakarta, sai an ce mata "zo ki gaida Abbanki" sau uku take leƙowa.