Kabewar Oktoba da abin da aikin renon yara ya koya mini

Duk wanda ya yi aiki a gidan renon yara a Amurka ya san yadda watan Oktoba yake zuwa da kabewa cike da bayan mota, sai a jibge ta a ƙofar aji a ce wa masu reno su san yadda za su yi. Ta Halloween ce, bikin da ake fafe kabewa a sassaƙa mata fuska a saka fitila a ciki. Tunda na ajiye aikin, zan faɗa wa masu shigowa abin da ba wanda ya faɗa mana.

Mu a gida mun taso da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kabewa kuwa sai tafiyar ta matso ake fafe ta. Wadda ba a taɓa ba tana iya yin wata biyu a wuri mai sanyi, amma da zarar wuƙa ta shige ta, kwana uku zuwa biyar ke gare ta a cikin ɗaki, musamman ajin da na'urar ɗumama ɗaki ke aiki dare da rana. Bikin Halloween ranar 31 ga wata ne, saboda haka ranar 28 ko 29 ta isa. Shugabar gidan renon da ke son hotunan da za ta tura wa iyaye za ta matsa a yi tun tsakiyar wata. Idan aka bi ta, a bar kabewa ashirin a rufaffen aji daga Juma'a zuwa Litinin, abin da za a tarar shi ne baƙar fumfuna kamar auduga a cikin idanun da aka yanka, bakin ya lotsa, ruwa mai wari ya bi katakon taga, ƙananan ƙudaje sun cika ɗakin. Yaro zai tsaya yana neman tasa a cikin kwandon shara, mai ciwon asma kuma a kira uwarsa ta zo ta ɗauke shi. A takardar da za a rubuta ba za a ga sunan wadda ta ba da umarnin ba, mai reno ce za a ce ta yi sakaci. Ku nemi umarnin a rubuce, ku ma ku rubuta ranar da kuka ba da shawara.

In dole ne a yi wani abu da wuri, a ba yara fenti su shafa wa kabewar ba tare da an huda ta ba. A goge ta ta bushe tukuna, don fentin yara mai wankuwa yana ɓarewa a jiƙaƙƙiyar fata.

Ranar fafewa, babba ne kaɗai ke yanka. Wuƙar girki mai kaifi tana maƙalewa a cikin naman, a ja da ƙarfi, ta kufce ta sami tafin hannun da ke riƙe da kabewar. Ɗan ƙaramin zarton da ake sayarwa don wannan aikin ya fi ta aminci nesa ba kusa ba. A yanka murfin a karkace, bakin zarton yana kallon tsakiya, in ba haka ba murfin zai faɗa ciki idan ya fara yaushi. Ni na fi son a buɗe ta ta ƙasa a bar karan da ke kanta, don ta fi jimawa, kuma sai a kifa ta kawai a kan fitila. Aikin yara shi ne kwashe totuwa da 'ya'yan da hannu ko babban cokali, da zana fuska da alƙalamin maka. Babba ya kankare gefen da za a sassaƙa har kaurinsa ya dawo kamar santimita 2 zuwa 3. A fara yanka ƙananan wurare kamar ido kafin baki, saboda idan babban rami ya riga ya buɗe, fuskar ba ta da ƙarfin jure zarto.

Bayan an gama, a wanke cikin da ruwa lita huɗu da aka zuba wa bilic (sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta) cokali ɗaya, nesa da yara, a tsane ta sosai, a shafa basilin a bakin yankan. Wannan zai ƙara mata 'yan kwanaki ne kawai. Fitilar batir za a saka. Kyandir yana dafa naman daga ciki, ga haɗarin gobara kusa da rigunan biki. In an ajiye ta a waje, kurege zai yi mata ɓarna a dare ɗaya.

'Ya'yan kabewar a wanke, a gasa da gishiri da ɗan mai kamar minti 25 a obin, amma kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba, yana iya shaƙewa. Wadda aka fafe ta kwana ba ta ciwuwa, kuma irin manyan nan ruwa da zare ne, ba su kai ta miyar taushe daɗi ba.

A tambayi iyaye tun farkon wata. Akwai Musulmi da Kirista da ba sa son 'ya'yansu a harkar Halloween, yaransu sai a ba su tasu kabewar su zana ganye ko tauraro, a zaunar da su a tebur ɗaya da kowa.