Godiya ga Jama'ar Masallacin Unguwarmu a Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An sallamo Baba daga asibiti, yau kwanansa huɗu a gida. Hannun hagu bai gama sakewa ba, amma yana magana, yana shan kunu da kansa, har ya fara faɗa wai an ɓoye masa goro. Alhamdulillahi.

Da yawa kun ji labarin guntu-guntu, to ga yadda aka yi. Tun rasuwar Inna, Baba shi kaɗai ke kwana a sashensa. Mun yi mun yi ya dawo wurinmu Yawunde, ya ce shi da barin Garwa sai a makara. Ran da abin ya faru ana tsakiyar zafin Afrilu, irin wanda ko iskar Binuwai ba ta karya shi. Aka tayar da sallar asuba, gurbinsa na sahun farko, daman liman, wayam. Mutumin da ya haura shekara 30 ba a riga shi wurin ba. Ana sallamewa Ladan ya miƙe, ko carbi bai tsaya ja ba, ya yafito mutum biyu. Suka yi ta sallama, shiru. Da suka leƙa ta taga sai ga shi yashe gefen buta, alwala ma bai ƙarasa ba. Nan suka ɓalle ƙofar. Likita ya ce hawan jini ne ya kayar da shi, kuma da an kai azahar ba a gan shi ba, da yanzu gaisuwa kuke mana.

Ni kuwa ɗan cikinsa ina unguwar Briketeri a Yawunde ina sharar barci, waya a kashe. Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Sai da na kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, na sake ɓata rabin yini a mota. Kafin in iso an biya kuɗin gado da na magani. Bayan isha'i Malam Liman ya yi sanarwa, aka zagaya da hula. Na ga takardar da aka rubuta: mai sefa 500, mai 10,000, har da mai shayin bakin masallaci da Baba ke yi wa tsiya kullum a kan sukari. Waɗanda suka turo ta Orange Money daga Marwa da Kusiri, saƙonku ya iso.

Iyayenmu mata na Islamiyya, ku kuka raba kwanakin girki tsakaninku, kwano bai taɓa makara ba. Maƙwabciyarmu Kirista, Mama, ke da matan cocinku kun zo dubiya ran Lahadi da lemo da sabulu, kun zauna da ƙanwata har ta daina kuka. Mi yetti, na gode. Samarin da suka riƙa karɓa-karɓar kwana a asibiti, Allah Ya ba ku masu yi muku.

Malam Ladan, Allah Ya saka da Aljanna. Kuɗin gyaran ƙofa da ka ce a wuyanka yake, wallahi ba za mu karɓa ba.

Mai son dubiya ya zo bayan la'asar, da safe ana gasa masa hannu. Ya ce Juma'ar nan sai ya je masallaci ko a kujera ne, muna dai lallaɓa shi.